Zauna Ka Yi Lissafi Kafin Ka Shiga Kasuwar Kirsimeti

(Jawabin sujada da aka watsa ta gidan rediyo a farkon watan Disamba)

    

Karatunmu na yau yana cikin Bishara ta hannun Luka, sura 14, daga aya 28 zuwa 30. In kana da Littafi Mai Tsarki kusa da kai, ka sa alama a wurin, ka karanta tare da iyalinka bayan shirin nan. A nan ne Yesu ya ba da misalin wani mutum da ya yi niyyar gina hasumiya. Ya nuna cewa mai hankali yakan fara samun wuri ya zauna tukuna, ya auna abin da ginin zai ci da abin da yake hannunsa. Wanda bai yi haka ba yakan sa harsashi, kuɗi su ƙare masa, aiki ya tsaya, ya zama abin dariya ga masu wucewa.

Lalle abin da Ubangiji yake koyarwa a wurin nan shi ne tsadar zama almajirinsa, domin kada mutum ya soma binsa da garaje sa'an nan ya kasa ƙarasawa. Amma ku lura da inda ya ɗauko misalin. Ya ɗauko shi daga abin da kowane magidanci ya sani ne, wato ba a fara kashe kuɗi sai an zauna an yi lissafi. Da lissafi abin banza ne a gaban Allah, da Yesu bai kafa misali da shi ba. Saboda haka kan maganarmu a yau shi ne, yadda mai bi zai yi sayayyar Kirsimeti da hankali, a lokacin da ko'ina ake shelar an karya farashi.

Ga Disamba ta kama. Wanda ya leƙa Kantin Kwari a Kano, ko Kasuwar Barci a Kaduna, ko Taminus da Katako a Jos, ya san ba masaka tsinke. Teloli sun fara kwana a shago. In ka kunna rediyo talla ce, in ka duba waya talla ce: an rage rabin kuɗi, sayi biyu a ba ka ɗaya kyauta, garaɓasa ta kwana uku kaɗai. Yara sun ji, uwargida ta ji, maigida ma ya ji, zuciyar kowa ta tashi.

Wannan al'ada ta babban rangwame a ƙarshen shekara ba a ƙasarmu ta soma ba. A Amurka suna da Ranar Godiya, wadda takan faɗo ran Alhamis ta huɗu ga watan Nuwamba. Kashegari, wato Jumma'a, manyan kantuna sukan buɗe tun da asuba su yi shelar ragi, domin a soma cinikin Kirsimeti. Suna kiran ranar Black Friday, wato Baƙar Jumma'a. 'Yan sandan birnin Filadelfiya ne suka yaɗa wannan suna wajen shekarun 1960, saboda wahalar da suke sha da cunkoson mutane da motoci a ranar. A shekara ta 2008, a wani babban kanti kusa da birnin Niyok, jama'ar da suka taru suna jira suka ɓalle ƙofa, suka tattake wani ma'aikaci har ya mutu, duk a kan neman kaya mai araha. Daga baya al'adar ta ƙetaro zuwa wurinmu. Kamfanonin ciniki ta intanet irin su Jumia da Konga, waɗanda aka kafa a 2012, su da manyan kantunan birane, suka ɗauke ta, har abin da yake na yini ɗaya ya zama na makonni, ya haɗe da kasuwar Kirsimeti da ta Sabuwar Shekara.

Kafin in ci gaba, bari in kawar da wata shakka. Yin biki ba zunubi ba ne. A cikin Nehemiya sura 8, sa'ad da Ezra ya karanta wa jama'a Shari'a suka fashe da kuka, Nehemiya ya hana su baƙin ciki, ya sallame su su je su ci abinci mai kyau, su sha abin zaƙi, su kuma aika wa waɗanda ba su da kome. Don haka in Allah ya hore maka, ka ɗinka wa yara sababbin kaya, ka yanka kaza ko akuya, a dafa shinkafa, a soya cincin, a kai wa maƙwabta, Kirista da Musulmi, kamar yadda muka gada. Rangwame ma ba laifi ba ne. In abin da ka riga ka yi niyyar saya ya sauko, ka gode wa Allah ka saya. Damuwata ita ce, kada murnar kwana biyu ta jawo wa gidanka kukan wata shida. Zan kawo abubuwa biyar da nake roƙo ku riƙe.

Na fari, ku yi hankali da duk cinikin da aka ce sai yau, sai yanzu. Ku tuna da Isuwa a cikin Farawa sura 25. Ya dawo daga jeji a gajiye, yunwa ta ci shi, ya tarar ƙanensa Yakubu ya dafa fate. Yakubu bai ba shi lokacin tunani ba, ya matsa masa ya sayar da matsayinsa na ɗan fari nan take, har da rantsuwa. Isuwa ya dubi cikinsa, bai dubi gobe ba. Ya ci, ya sha, ya tashi ya yi tafiyarsa. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa sura 12 ta gaya mana cewa daga baya ya nemi albarkar har da hawaye, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Dabarar da ta kama Isuwa ita ce masu talla suke aiki da ita har wa yau. Shi ya sa za ka ga an sa agogo a fuskar waya yana ƙirga mintocin da suka rage, ko a rubuta maka cewa saura guda biyu. Shi ya sa mai shago yakan ce da kai, yanzun nan wani ya taya, ya tafi kawo kuɗi. Sun sani in ka koma gida ka kwana, da wuya ka dawo. To, ɗan'uwana, ka koma gida ka kwana. Duk abin da ba ya cikin lissafinka, kuma kuɗinsa yana da nauyi, ka ba shi kwana ɗaya ko biyu. Ka yi shawara da matarka, ke kuma ki yi shawara da maigidanki, ku sa shi cikin addu'a. In bukata ce ta gaskiya, za ta kwana ta tashi tare da kai. In sha'awar ido ce, kafin gari ya waye ta wuce. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Na biyu, ku riƙa auna ragin da kanku. Bari in ba ku misali da lissafi mai sauƙi. A ce takalmi ana sayar da shi naira 20,000 a watan Oktoba. Da Disamba ta gabato sai mai kanti ya rubuta masa 30,000, ya ja layi a kai, ya ce ya rage kashi 30 cikin 100. Kashi 30 na 30,000 shi ne 9,000. Ka biya 21,000 ke nan, ka fito kana murna ka ci riba, alhali ka ƙara naira 1,000 a kan farashin da. Wannan ba a ƙasarmu kaɗai ake yi ba. A Ingila akwai wata ƙungiya mai kare masu saye, ana kiranta Which?, wadda ta sha bin farashin kayan Baƙar Jumma'a shekara da shekaru, ta kuma sha gano cewa yawancinsu ana samunsu a kan wannan farashi ko ƙasa da shi a wasu lokatan shekara. Maganin abin shi ne ka san farashin kaya tun kafin lokacin biki, ka kuma taya a shago biyu ko uku kafin ka ce a sallama.

Har wa yau, ko da ragin na gaskiya ne, in ba ka bukatar abin, ba ka ci ribar kome ba. Wanda ya sayi rediyon 40,000 a kan 25,000 alhali yana da wani a gida yana aiki, bai adana 15,000 ba, ya kashe 25,000 ne. Ku kuma duba kayan da kyau, gama araha ba ta ado. Sau da yawa abin da ake zubarwa da arha a ƙarshen shekara kwantai ne, ko abincin gwangwani da lokacinsa ya kusa ƙarewa, ko jabu. Mama, in za ki sayi man girki, ko madara, ko tumatirin gwangwani, ko lemon kwalba, ki duba ranar lalacewarsa, ki duba lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa tun 1993 domin wannan aiki. In idonki bai gani sosai, ki tafi da yaro mai karatu. In kayan lantarki ne, a gwada a gabanka, ka kuma karɓi rasit. Ku matasa masu saye ta waya, kada ku tura kuɗi ga wanda ba ku sani ba don kawai ya sa hoto mai kyau a Facebook ko WhatsApp. Inda ya yiwu, ku biya bayan kaya sun iso hannunku. Kada kuma ku ba kowa lambar sirri ta katin banki, ko lambar da banki ya aiko muku ta waya, ko da ya ce kun ci kyautar Kirsimeti. Watan nan kakar 'yan damfara ce.

Na uku, ku tuna Janairu tana nan tafe. Kirsimeti yini ɗaya ce, in an haɗa da kashegari da Sabuwar Shekara a ce kwana uku. Amma da zarar an shiga Janairu makarantu za su buɗe zango na biyu, mai gidan haya zai aiko, cefane kuma ba ya jira. Ma'aikata da yawa akan biya su albashin Disamba da wuri, sai ya zama tsakanin wannan albashi da na gaba ya kai mako biyar ko shida. A cikin shekarun da na yi ina aikin fasto, ba watan da ake ƙwanƙwasa ƙofar gidan fasto da maganar kuɗin makaranta da rikicin miji da mata kamar Janairu. In aka bi diddigi, sau da yawa sai a tarar tushen rikicin yana cikin kasuwar Disamba.

Mun kuma san halin da ƙasa ta shiga. Tun da aka cire tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023 kuɗin mota da na abinci suka yi sama. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disamba 2024. A Yuli na wannan shekara ta 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma da Kirsimeti ta zo, a kasuwanni da yawa wannan kuɗi bai isa sayen babban buhun shinkafa ɗaya ba. Wanda ya ga irin wannan bai kamata ya shiga kasuwa ido rufe ba.

Ga abin da nake ba da shawara. A daren yau, bayan addu'ar iyali, maigida da uwargida ku ɗauki takarda da biro ku zauna. Ku rubuta abin da yake hannu, ban da abin da kuke sa rai wani zai aiko. Ku fara fitar da na Allah, wato zakka da baikon godiya. Sa'an nan ku ware kuɗin makaranta, da haya, da abincin Janairu, da ɗan abin da za a riƙe saboda rashin lafiya. In za ku tafi gida ƙauye, ku ware kuɗin mota na zuwa da na dawowa, gama kun san yadda kuɗin mota yake tashi a makon Kirsimeti. Abin da ya saura bayan wannan, shi ne kuɗin biki. A cikinsa za a rubuta kayan yara, da nama, da shinkafa, da abin da za a kai wa tsofaffi. Ranar kasuwa a tafi da takardar, a tafi da kuɗin da aka ware kaɗai. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Ina da magana ta musamman ga manoma. A yawancin shekaru hatsi yakan yi arha da kaka, domin kowa yana kawowa kasuwa, ya kuma yi tsada da damina, wajen Yuli da Agusta, sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa. 'Yan kasuwa sun san wannan sarai, shi ya sa suke bin ƙauyuka da manyan motoci a watan nan suna saye suna ajiyewa. Baba, in ka kwashe masara da dawa ka sayar domin leshi da sabuwar waya, hatsin nan naka za ka dawo ka saya da tsada lokacin da yara suke kukan yunwa, ga kuma kuɗin taki yana jiranka. Ka tuna da Yusufu a Masar, cikin Farawa sura 41. A shekaru bakwai na ƙoshi ya sa aka riƙa ajiye kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona, da haka Allah ya ceci ƙasa duka, har da gidan mahaifinsa. Ka fara auna abin da gidanka zai ci har sabon hatsi ya fito, ka rufe rumbu a kansa. Rarar da ta saura ita ce ta kasuwa.

Na huɗu, kada ku ci bashi domin biki. Karin Magana sura 22 aya 7 ta kwatanta mai cin bashi da bawa a hannun wanda ya ba shi. In kuna so ku ga yadda wannan yake a cikin gida, ku karanta 2 Sarakuna sura 4. Wani mutum mai tsoron Allah, ɗaya daga cikin ƙungiyar annabawa, ya mutu ya bar bashi. Mai bin bashin ya tashi zai kwashe 'ya'yansa biyu su zama bayi. Gwauruwar ta kai kuka wurin Elisha, Allah kuwa ya yi mata al'ajabi da ɗan man da ya rage a gidanta, har ya cika dukan tulunan da ta aro. Ku lura da umarnin da Elisha ya ba ta bayan haka. Ta sayar da man, ta fara biyan bashi, sa'an nan ita da 'ya'yanta su ci saura. Biyan bashi ne ya zo gaba. In akwai wanda yake binka tun bara, ko mai shago, ko tela, ko ɗan'uwa a ikilisiya, bai dace ya gan ka cikin sabuwar shadda ran Kirsimeti alhali ba ka ce masa kome ba.

A zamanin nan mai ba da bashi yana cikin aljihunka. Da waya kaɗai, cikin minti kaɗan, za a tura maka kuɗi ba jingina. Amma ka yi lissafin ruwan. A ce ka karɓi naira 50,000 a kan ruwa kashi 20 cikin 100 kowane wata. Ƙarshen wata na fari ana binka 60,000. In ba ka biya ba, aka ɗora ruwa a kan ruwa, wata na biyu 72,000 ne, wata na uku 86,400. Kazar da aka ci ta daɗe da narkewa, takalmin yaro ya tsinke, bashi kuwa yana ta girma. Waɗansu daga cikin masu ba da irin wannan bashi sukan kwashe lambobin da suke cikin wayarka, ranar da ka makara su aika wa surukanka da fastonka da abokan aikinka saƙon cin mutunci. Abin ya yi muni har a 2022 hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, wato FCCPC, ta kai samame ofisoshin waɗansunsu a Legas. Haka nan tsarin ɗauki kaya yanzu ka biya a hankali, shi ma bashi ne, ko da an sa masa suna mai daɗi. In kana son bikin baɗi ya yi kyau, ka fara asusu ko ka shiga adashi na amintattun mutane tun Fabrairu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A nan zan roƙi shugabannin ƙungiyoyinmu na ikilisiya, Zumuntar Mata, da mawaƙa, da matasa. Anko yana da kyau, yana nuna haɗin kai. Amma in kuka zaɓi atamfar da sai mai hali zai iya saya, kun sa gwauruwa da matar lebura cikin tsaka mai wuya, ko ta ci bashi, ko ta ƙi zuwa sujada don kunya. Yakubu sura 2 ta yi mana kashedi a kan girmama mai kyawawan tufafi da ƙasƙantar da matalauci a cikin taron masu bi. Ku zaɓi abin da kowa zai iya, ko ku bar na bara ya sake fita. Ku iyaye kuma, ku zaunar da yara ku gaya musu gaskiyar abin da yake hannu. Yaron da aka koya wa haƙuri da abin da gidansu yake da shi ya sami gādon da ya fi rigar Kirsimeti. Manzo Bulus yana cikin kurkuku ne sa'ad da ya rubuta wa Filibiyawa cewa ya koyi zama da wadar zuci, ko da samu ko da rashi. Tun da ya ce koya ya yi, ashe mu ma za mu iya koya, mu kuma koya wa 'ya'yanmu.

Na biyar, maganar nan ta shafi masu sayarwa, gama da yawa daga cikinku da kuke saurarona 'yan kasuwa ne, da teloli, da direbobi. Neman riba halal ne, wannan kuwa lokacin cinikinku ne, Allah ya sa albarka. Amma ku karanta Amos sura 8. Amos makiyayi ne daga Tekowa, Allah ya aike shi wurin Isra'ila a zamanin da kasuwa take ci sosai. Ya tarar da 'yan kasuwa suna ƙosawa ranar sujada ta wuce su koma ciniki, suna rage mudu, suna ƙara farashi, suna ha'inci da ma'auni, har ƙaiƙayi suke haɗawa da alkama su sayar wa matalauta. Allah ya rantse ba zai manta da ayyukansu ba. Ɗan'uwana mai shago, kada ka rubuta ragin ƙarya. 'Yar'uwata mai sayar da shinkafa, kada ki bubbuge gindin mudu, kada ki yi algus. Tela, kada ka karɓi ɗinkin da ka san ba za ka gama ba, ka sa yaran mutane kuka da safiyar Kirsimeti. Ku masu saye kuma, kada ku kushe kayan tsohuwa mai tallan tumatir don ku danne ta, ku koma gida kuna fahariya. Karin Magana sura 20 aya 14 ta san da irin wannan hali. Shaidarmu a kasuwa takan yi wa'azi ga mutanen da ba su taɓa shiga majami'a ba.

Cikin takardar lissafin nan, kada ku manta da rabon wanda ba shi da kome, kamar yadda Nehemiya ya umarta. A Disamba 2024, a Ibadan, da Okija ta Jihar Anambra, da Abuja, mutane fiye da 60, da yawansu yara, suka mutu cikin turmutsitsi a wuraren rabon abinci da kyautai. Wannan ya nuna mana zurfin yunwar da take kewaye da mu, ya kuma koya mana yadda za mu bayar. Ba sai an yi shela an tara jama'a ba. Dattawan ikilisiya da shugabannin mata sun san gidajen gwauraye, da marayu, da waɗanda rikici ya raba da garuruwansu. A auna mudu biyu ko uku, a sa ɗan mai da nama, a kai musu gida a asirce, yadda Yesu ya koya a Matiyu sura 6. Kuɗin turmin atamfa na uku da ba kya bukata, Mama, zai iya ciyar da wani gida mako guda.

A ƙarshe, bari mu dubi wanda muke yi wa bikin. Luka sura 2 ta gaya mana cewa a komin dabbobi aka kwantar da shi, domin ba su sami masauki ba. Da lokaci ya yi da za a kai shi Haikali, Yusufu da Maryamu suka miƙa hadayar tsuntsaye biyu. In ka duba Littafin Firistoci sura 12, za ka ga wannan ita ce hadayar da Shari'a ta yardar wa macen da ba ta da halin kawo ɗan rago. Ba su ci bashi don su yi kamar masu arziki ba. Sun kawo abin da suke da shi, Allah kuwa ya karɓa. A cikin irin wannan gida ne Mai Ceton duniya ya yi girma. Saboda haka kada wani ya ce Kirsimetinsa ta lalace don bai sami sabon kaya ba. Ka wanke wanda kake da shi, ka goge, ka zo sujada da farin ciki.

Akwai kuma wani abu da ba a samunsa a Kantin Kwari, ba a kuma aiko shi ta intanet. A Ishaya sura 55 Allah yana kiran masu ƙishi da marasa kuɗi su zo su karɓa kyauta, yana kuma tambaya don me mutane suke ɓad da wahalarsu a kan abin da ba ya ƙosarwa. Gafarar zunubi da rai madawwami ba su da farashin da ɗan adam zai iya biya. Bitrus ya ce ba da azurfa ko zinariya aka fanshe mu ba, da jinin Almasihu ne. An riga an biya dominka. Mai sauraro, in ba ka taɓa karɓar wannan kyauta ba, ka zauna yau ka yi lissafin ranka kamar mai ginin nan, ka tuba, ka ba da gaskiya ga Yesu. In kana bukatar taimako, ka nemi fasto ko wani mai bi da yake kusa da kai.

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na Sama, mun gode maka domin ka kawo mu watan ƙarshe na shekara da rai da lafiya. Mun gode domin kyautar Ɗanka Yesu Almasihu. Dukan abin da yake hannunmu naka ne, mu masu riƙon amana ne kawai. Ka ba mu hikima sa'ad da muke shiga kasuwa, ka tsare mu daga kwaɗayi da gasa da ruɗin masu damfara. Ka buɗe hanya ga waɗanda bashi ya danne. Ka ba 'yan kasuwarmu ciniki mai albarka da zuciyar gaskiya. Ka tuna da gwauraye da marayu da waɗanda ba su san abin da za su ci ba, ka kuma sa mu zama hannun da za ka taimake su da shi. Ka kiyaye matafiya, ka ba ƙasarmu salama. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.

Jama'a, a nan za mu dakata. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa a daidai wannan lokaci. Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku duka. Ku huta lafiya.